Lamba Tara a Shagon Babana

Har yau akwai masu nuna ni a bakin kasuwar shanu suna cewa ga wadda ta shanya maganin ubanta a rana. Su yi ta nunawa. Ni ce, kuma da za a maido wannan Larabar da sai na sake shanya shi. Abin da ba su sani ba shi ne ni ma na yi asara a ranar, kuma tawa asarar ba ta magani ba ce. Kalma ɗaya na rasa.

Sunan kakata aka sa mini, mahaifiyar Baba. Saboda haka tun ina zanen goyo bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake ce mini. Ko faɗa zai yi mini sai ya fara da "Haba Uwata," daga nan kuwa faɗan ya riga ya sha ruwa, don ba mai yi wa uwarsa tsawa. Yayana ya sha bulala a kan abin da in ni na yi dariya za a yi. Na san gata ne, kuma na ci shi son raina.

Baba maganin dabbobi yake sayarwa a wani ɗan shago kusa da kasuwar shanu. Iyayensa daga Borno suka zo Potiskum da fatauci, shi kuma ya auri Inna, Bafulatana, wadda danginta ke kiwo wajen Danchuwa. A shagon akwai maganin tsutsa, na kaska, gishirin lasa, sirinji manya da ƙanana. Amma abin da ya fi komai daraja yana cikin wani firij mai aiki da sola a lungu: allurar rigakafin ciwon huhu. Ɗan garin magani ne a gindin 'yar kwalba. In ya sha zafi ya mutu, kuma mugun abin shi ne mataccen da mai ran kamarsu ɗaya. Makiyayi zai saya, a yi wa garkensa, ya tafi da kwanciyar hankali, sai ciwon ya shigo ya tarar da ƙofa a buɗe.

Da na gama karatun kwamfuta na dawo gida ina koyarwa, sai na lura batirin firij ɗin ya tsufa. In rana ta yi kyau ba matsala. In hadari ya rufe sama ya hana fanel ɗin sola cin rana, firij kan ɗauke kafin gari ya waye, sannan ya dawo da hantsi ya yi sanyinsa kamar bai yi komai ba. Na ce a sauya batir, Baba ya ce sai bayan damina. To, na sayo wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba, na sa mata ma'aunin zafi a cikin firij, na haɗa ta da nata ɗan batirin na daban, na maƙala mata modem mai layin waya da ɗan abin ƙara.

Shirye-shirye biyu na rubuta mata, kowanne yana gudana da kansa. Na farko na sa masa mai awo, aikinsa duba zafin firij kawai. Na biyu ɗan aike, shi ke tura saƙon tes zuwa wayata da ta Baba. Da gangan na raba su, don modem abu ne mai yawan sandarewa in netwok ya tafi yawo, ban so sandarewarsa ta tsayar da awo ba. Su biyun ba sa ganin juna, ba mai leƙa cikin wani. Abin da ya haɗa su bututu ne. Haka masu wannan aiki ke kiransa, kuma ba ƙarfe ba ne ba roba ba, hanya ce a cikin kwamfutar. Mai awo ya zuba magana ta wannan bakin, ɗan aike ya tara ta wancan, a jere yadda aka zuba, kuma ba ta komawa baya.

Ban da bututu akwai sigina. Ita ba ta ɗauke da magana, kamar filashin take, wayarka ta yi ƙara ta katse, kai ka san abin da ake nufi. Kowace sigina da lambarta. Sha biyar tana nufin don Allah tattara ka tafi. Sha uku ana buga wa shiri ita ne idan ya zuba magana a bututu alhali mai karɓa a wancan bakin ya mutu. Wannan sha ukun tun a makaranta take ba ni haushi, don shirin da ba a koya wa komai ba, da an buga masa ita sai ya faɗi ya mutu nan take, ko uffan. Wai don ba mai sauraronka sai ka mutu? Na ce nawa ba zai yi wannan sakarcin ba. Na koya wa mai awo cewa in ya ji sha uku ya ci gaba da awonsa, ya adana abin da ya gani, ya kuma riƙa ɗan kuka a shago don a san ɗan aike ya faɗi. Na ƙara masa da cewa muddin bututun a karye yake, ko an buga masa sha biyar kada ya tafi ko'ina.

Akwai guda ɗaya da ba a koyar da maganinta, lamba tara. Ba a roƙonta, ba a kauce mata, kashe shiri take nan take, shi ma ba ya sanin ta zo. Ban taɓa kawo ta a raina a shagon Baba ba.

Abin ya yi aiki. Lokuta da dama tes ya shigo cewa firij ya fara ɗumi, muka ruga muka kwashe allurar zuwa cikin kula mai ƙanƙara. A irin wannan ranar Baba har nuna 'yar kwamfutar yake wa dillalai yana cewa aikin Uwata ne. Rigimarmu ɗaya ce. Na sa ɗan aike ya riƙa turo tes ko da lafiya, da safe, da azahar, da yamma, yana cewa firij lafiya lau.

"Uwata, wa ya tambaye ta?" in ji Baba. "In akwai matsala ta faɗa, in babu ta yi mini shiru. Haka muke da kowa. Kawunki in ya yi kudu da shanu, wata nawa ba mu jin ɗuriyarsa? In mun ji shiru mun san lafiya ce."

Na ce, "Baba, in Kawu ya faɗi a daji akwai mai zuwa ya gaya mana. Wannan in ta mutu wa zai zo?"

Ya yi dariya ya ce na faye gardama kamar mai sunana. Ban cire tes ɗin ba.

Ƙarshen bazara aka tura ni Mamudo in koya wa 'yan sakandare yadda ake rubuta jarrabawa a kwamfuta. A can nake kwana wurin wata malama. Ranar Juma'a da yamma tes bai shigo ba. Asabar ma shiru. Na kira Baba, ya ce komai lafiya, firij yana aikinsa. Na ɗauka netwok ɗin Mamudo ne, ko layin modem ɗin ya samu matsala. Hankalina bai tashi sosai ba, don na san ko ɗan aike ya faɗi mai awo yana nan, in zafi ya zo zai cika shagon da kuka. Lahadi da Litinin hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ga zafi kamar a tukunya, ruwan kuma ya ƙi sauka. Na riƙa kallon sama ina tunanin batirin nan.

Laraba da hantsi na dawo, ranar kasuwa. Ko gida ban biya ba, keke ya sauke ni a bakin shago. Manyan motoci sun yi layi, shanu na kuka, dillalai na ta ɗaga murya, ƙurar kofato ta tashi. Na gaida Baba, ya ce, "Uwata an dawo?" Na wuce lungu na buɗe firij. Sanyi ƙalau. Na duba bayan 'yar kwamfutar, babu modem. Na jawo durowa, ga shi kwance cikin sirinji. Na haɗa ɗan allon da nake duba ta da shi, na ce ta nuna mini masu gudana. Babu ɗan aike. Babu mai awo.

Yayana yana da shagon gyaran waya a layin gaba, na taɓa nuna masa yadda ake shiga 'yar kwamfutar ko da wata rana ba na nan. Na kira shi ya zo yana murmushi, shi ya warware mini komai. Ashe ranar Juma'a Baba ya manta bai kashe waya ba. Liman na tsakiyar huɗuba, masallaci tsit, sai tes ɗin azahar ya shigo da ƙararsa ta Allah-tsine, ga Baba a sahun gaba. Mutane suka waiwayo. Ana sallamewa ya zo shago ya fizge modem ɗin. Ɗan aike ya nemi inda zai kai saƙo ya rasa, ya faɗi. Mai awo ya zuba magana a bututu, aka buga masa sha uku, ya fara kuka kamar yadda na koya masa. Baba ya ji tsoron cire wayar wuta kada firij ya mutu, sai ya aika a kira Yaya.

"Na yi masa sha biyar ya ƙi," in ji Yaya, har da tafa hannu. "Na sake yi, ya ƙi. Na ce tabɗi, wannan taurin kanki ne da shi. Sai na bincika a waya, na ga akwai tara. Ina ba shi, ɗif!"

Wallahi da ba a kasuwa muke ba da na jefe shi da modem ɗin. Na ce, "Yaya, ka san abin da ka kashe? Ba ƙara ka kashe ba, ido ka tsone." Ya ce in daina yi masa turanci, firij dai ga shi da sanyinsa.

Na duba abin da mai awo ya adana. Awo na ƙarshe na Juma'a ne bayan sallah. Daga nan babu komai, ba zafi ba sanyi, fili kawai. Na juya wurin Baba na ce allurar nan ba ta sayuwa.

Ya ce, "Saboda me? Ta ce ya yi zafi?"

"Ba ta ce ba."

"To fa."

"Ba ta ce ba ne don an kashe ta, Baba. Ranakun hadarin nan ba wanda ke kallo. Watakila firij bai ɗauke ba, watakila ya ɗauke kullum ya dawo da hantsi. Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba."

"Kafin ki kawo wannan abin shekara nawa ina sayar da allura?"

"Da sabon batir."

Ya ce, "Haba Uwata," ya ɗauki carbinsa, wato magana ta ƙare. Ni kuwa a wurina ba ta ƙare ba, kuma ban samu sararin ci gaba ba sai ga sallama a bakin ƙofa.

Kawu ne, yayan Inna, da sandarsa a kafaɗa da malafarsa. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana, kuma tsakaninsa da Baba akwai kunyar nan ta surukai, shekara da shekaru suna gaisawa ba su taɓa haɗa ido sosai ba. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida, shanu, zafi, hadarin da ya ƙi zuba. Ya dube ni ya ce da Fulatanci, "Jam na, 'yar Inna?" Na ce, "Jam tan, Kawu." Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Huhu ya ɓulla a wata ruga da suke shan ruwa rijiya ɗaya, an riga an yanka wasu. Yana so a yi wa garkensa duka kafin ya iso. Garken nan shi ne komai nasa, a cikinsa har da jikokin saniyar da aka ba Inna ranar aurenta.

Baba ya tashi ya nufi firij. Na riga shi, na tsaya a gabansa.

Na ce, "Kawu, ban sani ba ko allurar nan tana da rai."

A gidanmu ba a taɓa jin 'ya ta tsinka maganar ubanta a gaban baƙo ba, balle gaban suruki. Na sani sarai. Na gaya wa Kawu komai a taƙaice, abin da ke gadin firij ya mutu tun Juma'a, an yi ranakun hadari, ba wanda zai iya rantsuwa allurar ba ta sha zafi ba.

Baba ya ce a hankali, "Uwata, shiga ciki."

Na ce, "Ba zan shiga ba, Baba."

Kawu bai ce komai ba. Bai dube ni ba, bai dubi Baba ba, ƙasa yake kallo yana ɗan zana ta da bakin sandarsa. Can ya gyara malafa, ya yi wa Baba sallama cikakkiya, a gaida gida, Allah ya ba da kasuwa, ya fita. Bai ce ya fasa ba, bai ce zai dawo ba. Baba ya yi shekaru yana ciniki da Fulani, ya fi kowa sanin irin wannan shirun, kuma na ga a fuskarsa bai ɗauke shi a matsayin lafiya ba.

Da abin ya tsaya nan da watakila mun shirya kafin magariba. Amma Baba ya koma kujerarsa, ya ce ba komai, kasuwa cike take da makiyayan da ba su da 'yar ƙanwa mai kwamfuta, kafin la'asar kwalin zai ƙare. Ban yarda har zuciyarsa haka yake nufi ba, kunya ce da fushi suke magana. Amma na san kuma kafin fushin ya sauka wani zai shigo ya saya, ya koma rugarsa yana godiya.

Na buɗe firij, na ɗauko kwalin, na fita da shi. Akwai wani benci a gaban shago inda rana ke dukan sa sosai. Na zazzage kwalaben a kai, na baje su ɗaya bayan ɗaya kamar mai shanya kuɓewa. Mutane suka fara tsayawa. Yaya yana cewa, "Ke, kin haukace ne?" Na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ɗazu ba wanda ya sani. Yanzu kowa ya san ta mutu." Na tsaya a kansu, ba wanda ya matso.

Sai na ji an kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, da tsawa. Na waiwaya ina neman wanda ya kira, don ban san wannan sunan a wannan muryar ba. Baba ne a bakin ƙofa. Sunan mahaifiyarsa ne, wanda bai taɓa furtawa ba tun da ya yi wayo, ya faɗe shi a tsakiyar kasuwa a gaban dillalai da masu lodi. Shi kansa sai da ya razana, na ga ya kai hannu bakinsa. Sannan ya juya ya shiga ciki. Nan ne kawai na yi kuka, kuma ina kukan ina tsaye a kan kwalabena har suka yi zafin da ba a iya riƙe su.

Kawu ya samo allura a wani wuri, shanunsa sun tsira. Wasu na kawo mini wannan wai don su nuna ina da gaskiya. Ba ya nuna komai. Watakila allurar Baba lafiyarta ƙalau na kashe ta a banza, har gobe ban sani ba, kuma rashin sanin nan shi ne dalilina tun farko. Wanda ke son ya ji na ce na yi nadama zai daɗe yana jira.

Da sabon kaya ya iso na je shagon da kaina na mayar da modem, na ta da mai awo da ɗan aike, na sauya kalmar sirri don kada Yaya ya sake shiga. Ban nemi izinin kowa ba, ba kuma wanda ya hana ni. Batir ma na tarar an sauya, ba a ce mini komai ba. Tes ɗin azahar na matsar da shi zuwa bayan an sauko daga masallaci, wannan kam Baba yana da gaskiya. Sauran suna nan suna shiga wayarsa kullum, firij lafiya lau, ko ya so ko bai so ba.

A gida kuwa, farkon abin ko gaisuwata Baba ba ya amsawa. Inna ta ce in ƙyale shi, ai ya huce, ba ki ga bai sake ta da maganar ba? Na ce Inna, ni za a gaya wa shiru lafiya ce? Ta ce to in daina zuwa gaishe shi na ɗan lokaci, kada in riƙa tsokano abin. Na ƙi. Na san wancan bakin bututun a rufe yake, na ji sha ukun sarai, a ƙirjina na ji ta. Amma ni ce na zauna na koya wa ɗan shiri cewa ba a mutuwa don mai sauraro ya juya baya, ba zan kasa abin da shi ya iya ba.

Yanzu bazara ta sake zagayowa. Yana amsawa, amma kalmar nan ba ta dawo ba, kuma ina kewarta fiye da yadda zan iya faɗa. Ba ya kiran sunana, ba ya kirana Uwata, in yana nemana sai ya ce wa Inna ina yarinyar nan. Da safen nan ma na je ƙofar ɗakinsa na durƙusa na ce, "Baba, ina kwana." Ya ce, "Lafiya." Na ɗan jira ko zai ƙarasa. Wayarsa ta yi ƙara a kan tabarma, tes ɗin safe ne, na ga ya ɗauka ya karanta har ƙarshe kafin ya ajiye. Na tashi na tafi aiki. Gobe da safe zai sake ganina a ƙofar nan.